Tuwon Dawa a Ɗakin Gwaggo 'Yardada

Ranar da Hajiya Nana Hauwa ta ce in daina kai kwano gidan Gwaggo 'Yardada, ina tsugune a gindin murhu ina juya alkaki a cikin mai.

"Liyatu, daga yau ban da gidan Gwaggo," in ji ta. "Ta aiko wai likita ya hana ta cin abincin kowa. Gishiri, magi, mai, duk ya hana. Hawan jinin nan ne ya matsa mata."

Na ce to.

Ni 'yar aiki ce a gidan Hajiya, a Mandawari. Sana'arta kayan gara, wato alkaki da dubulan da nakiya, irin wanda ake kai wa amarya. Ni ke wanke-wanke, ni ke tsayawa a kan kasko. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Sumaila. Mu Hausawa ne Kirista, kuma ina zaune a Badawa wurin ƙanwar babana, Mama Rahila. Da safe in hau adaidaita sahu in shigo birni, da yamma in koma. Hajiya ta san addinina tun ranar da na fara, ba ta kuma taɓa nemana ran Lahadi ba.

Cikin aikina har da kai kwano. In aka sauke abincin rana, kafin kowa ya ci a gidan sai an zuba na maƙwabta. Yara suna makaranta a lokacin, don haka ni ke zagayawa. A lungun nan kwano ba ya komawa gidansu haka nan. Wadda aka kai wa za ta juye, ta wanke, ta saka wani abu a ciki, ko nata girkin ko ɗan abin da ya samu.

Katanga ɗaya ce tsakanin Hajiya da Gwaggo 'Yardada, amma sai an zagaya ta lungu ake shiga. Tsohuwa ce doguwa, mai tsabta, kullum ɗankwalinta a ɗaure tsaf. Mijinta baduku ne a Kasuwar Kurmi, ya daɗe da rasuwa. Ɗakunan gidan duk damina ta kayar da su, saura nata da zaure. Ɗanta Isyaku ya tafi kudu neman aiki. Da yana yi mata aike, daga baya wayarsa ta daina shiga.

Da na fara kai mata kwano, yakan dawo da dambu ko ɗanwake mai zafi. Da kaya suka yi tsada sai ya koma ƙuli-ƙuli. Daga nan daddawa, daga nan 'yan dabino. Na ƙarshe da na buɗe, kwalin ashana ne a ciki, shi ma ba cike ba. Hajiya ba ta ga ko ɗaya ba, don ni ke buɗewa in ajiye a madafi. Washegarin ashanar ne aka aiko da maganar likita.

Bayan 'yan kwanaki Hajiya ta aike ni in gaishe ta da jiki. Na yi sallama na shiga. Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, ga ƙwayoyin magani a leda, ga kofin ruwa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da fara'a, har tana tsokanata wai yaushe za a kawo mata goron aurena. Ni kuwa idona yana kan murhunta. Babu toka a ciki, kyanwa ce kwance tana barci. Tukwanen suna kife, ƙura ta hau bayansu. Da ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, rigarta ta ɗage kaɗan, sai na ga wani tsohon ɗankwali ɗaure tam a cikinta.

Na san wannan ɗaurin. A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri a ƙauyenmu, haka mahaifiyata take ɗaure nata, ta zuba mana ɗan abin da ke tukunya, ta ce ita ciwon baya ke damunta.

Na dawo na ce wa Hajiya Gwaggo tana amsa gaisuwa. Ban ƙara komai ba. Babba ta ce likita, ni wace ce da zan ce ba haka ba ne?

A majami'armu matan Zumunta suna da wata al'ada da suke kira damƙi. Duk macen da za ta ɗora tukunya, sai ta damƙi hatsi hannu ɗaya ta zuba a wata roba daban. Ƙarshen wata a kawo a haɗa, a raba wa matan da mazansu suka mutu da marasa lafiya. Lahadin nan ta faɗo ranar haɗawa. Fasto ya yi wa'azi a kan masu jin yunwa a duniya, ƙasashen da ake yaƙi, da sansanin 'yan gudun hijira inda mata ke kwana a layin ruwa. Ya ce wanda ya ciyar da mai yunwa, Yesu ya ciyar, wanda kuma ya kau da kai, daga Yesu ya kau da shi. Ina jinsa ina tunani. Ƙasashen nan ban san hanyarsu ba, ba kuma zan taɓa zuwa ba. Wadda na sani tana bayan katangar da nake suya.

Da aka tashi, mata suka taru a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ana aunawa. Mama Rahila ce shugaba. Ban taɓa magana a taron ba, amma na ɗaga hannu. Na ce akwai wata tsohuwa a cikin birni da ba ta da abinci.

Maman Istifanus, wadda ke riƙe da tiyar awo, ta ajiye ta. "Cikin birni? Inda alhazai suke? Su da suke da zakka? Ke Liyatu, namu nawa ne a layi suna jira? Kuma gobe a ce mun shiga birni da buhu muna sayen mutane."

"Ba wanda za a saya da 'yar dawar nan," in ji Mama Rahila. "Da kika damƙa a gidanki, kin rubuta sunan mai ci a jikin ƙwayar?"

Mata suka yi dariya. Maman Istifanus ta yi tsaki, amma ita da kanta ta auna, har ta ƙara ɗan tozo a kai.

Ran Litinin ban fara shiga gidan Hajiya ba, gidan Gwaggo na wuce da ledar dawa a kaina. Raina fari tas. Na gaishe ta, na sauke a gabanta.

"Gwaggo, ga wannan. Matan majami'armu ne suka ce a kawo miki. Taimako ne."

Ta dubi ledar, ta dube ni.

"Madalla. Allah ya saka musu. Me kika ce musu?"

"Na ce akwai wata tsohuwa da ba ta da abinci."

"A gaban mutane?"

"Mata ne kawai, Gwaggo."

Ta gyara bakin zaninta. Daidai nan aka ji ƙarar kurar ruwa a lungu, jarkoki suna bugun juna. Garba ne mai sayar da ruwa, wanda ke kai wa gidajen lungun. Gwaggo ta ɗaga murya, muryar da ban san tana da sauranta ba.

"Garba! Shigo ka ɗauki sadaka, kai mai iyali!"

Ya shigo da sallama, ya durƙusa, ya yi ta godiya har da ɗaga hannu sama. Ya saɓa ledar a kafaɗa ya fita.

"Ke kuma 'yata, a gaida Nana," in ji ta.

Ranar na ƙona dubulan kasko guda. Hajiya ta leƙo ta ga hayaƙi.

"Ke! Gawayi aka ce miki amarya za ta ci? Yau lafiya kike kuwa? Kuka kike yi ko hayaƙi ne?"

Sai na faɗa mata duka, tun daga ashana da kyanwa a murhu har zuwa Garba. Na ce na san don daga coci ne ta ƙi karɓa.

"Coci?" Hajiya ta zauna a kan turmi. "Wallahi ko daga Makka aka sauke shi, in dai an kira shi taimako, Gwaggo ba za ta taɓa ba. Innalillahi. Katanga ɗaya, ni ina nan ina suya da mai, ƙamshi yana tsallakawa." Ta share ido da bakin mayafinta. "Matar nan ita ta yi mini wankan jego. Duk lungun nan babu wanda bai ci tuwonta ba. Lokacin mijinta yana raye, zaurensu ba ya rabuwa da baƙi. Ba ta saba kwano ya fita daga gidanta babu komai ba. Da ta rasa abin sakawa, shi ne ta ƙirƙiro likita. Ni kuma wawuya na yarda."

A ranar Hajiya da kanta ta dafa shinkafa ba gishiri ba mai, ta zuba a kula, ta yafa mayafi ta zagaya. Ba ta jima ba ta dawo da kular yadda ta tafi da ita.

"Wai ta riga ta ci. Wai likita ya ce sai wanda ta dafa da hannunta, don ita ta san awon gishirinta. Har tana yi mini dariya, wai na tsufa ban iya dafa shinkafa ba." Ta dire kular. "Na ce ta zo ta taya ni murza dubulan in riƙa biyanta, ta ce idonta ba ya gani. Na tura mata kuɗi ƙarƙashin tabarma, ta biyo ni da su har zaure wai na yi mantuwa."

Kwana biyu bayan haka Garba ya kawo mana ruwa. Yana juyewa a randa yake cewa ya tarar da Gwaggo zaune a ƙasa a zaurenta, ta kasa tashi, sai da ya kira wata maƙwabciya suka kama ta zuwa ɗaki. Ta ce musu santsi ne ya kwashe ta.

"Santsi a zauren da rabonsa da ruwa tun damina," in ji Hajiya bayan ya fita. "Maganin hawan jini take sha a kan cikin da babu komai. Haka za mu wayi gari a ce mu zo mu yi mata wankan gawa."

Ta juya sai ta ga farantina a kan benci. Taliya ce da miya, na ɗan taɓa gefe na rufe.

"Ke ma likita ne ya hana ki? Allah ya haɗa ni da masu ƙin abinci, ɗaya a gida ɗaya a bayan katanga."

Ban saba mayar mata da magana ba, amma na faɗi gaskiya. Na ce taliya da shinkafa ba sa zama a cikina, da na ci sai in ji kamar ban ci ba. Na ce kuma ba na iya ci da cokali ni kaɗai a kan benci, masu sayen kaya suna shiga suna fita. A gidanmu kwano ɗaya muke sa hannu da mahaifiyata da ƙannena, tuwon dawa miyar kuka.

"To 'yar sarkin ƙauye, wa ke da lokacin tuƙa miki tuwon dawa da rana tsaka? Ga gara uku a kaina."

Na ce, "Gwaggo ta iya?"

Hajiya ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona. Can ta ce, "Ɗebi itace a nan. Akwai kuka da daddawa a cikin kwalla, da man shanu. Amma kada ki ce daga wurina ne, ki ce cikin haƙƙinki na abincin rana ne. Ai haƙƙin naki ne."

Saura dawa. Da yamma na sami Mama Rahila tana tsince alayyafo a ƙofar ɗaki, na ba ta labarin inda ta farko ta tafi. Na zaci za ta yi faɗa. Dariya ta yi har tana riƙe ciki.

"Garba! To shi ma ai Allah ne ya yi cikinsa. Ba ta faɗi a ƙasa ba."

Na gaya mata abin da nake so in yi. Na ce amma abu biyu ne ke damuna. Zan ci a ciki, alhali ta mabukata ce. Kuma ba na son in yi wa tsohuwa ƙarya.

"Kina marmarin tuwon ko ba kya yi?"

"Ina yi."

"To ina ƙaryar? Ki faɗi wannan, sauran ki bar shi a bakinki." Ta tashi ta ɗauko robar damƙinta, ta juye mini abin da ya taru, ta ƙara daga buhun gida. "Maman Istifanus kuma ki bar ni da ita. In ta tambaya zan ce mayunwata biyu aka samu a lungu ɗaya. Zo mu yi addu'a a kai, don tsohuwar nan taki ta fi ƙarfinmu ni da ke."

Na surfa dawar na wanke na shanya. Da safe na biya inji aka niƙa. Hantsi ya ɗaga na shiga gidan Gwaggo, gari a kaina, itace a hammata. Tana kwance a tabarma. Da ta ji sallama ta yunƙura ta zauna, ta gyara ɗankwali. Ta ga leda, fuskarta ta ɗaure.

"Garba bai zo ba tukuna," in ji ta.

"Ba sadaka ba ce, Gwaggo. Roƙo na zo yi."

"Roƙo? A gidan nan?"

"Tuwon dawa nake so. Rabona da shi tun da na baro gida. Abincin birni ba ya riƙe ni, ina aiki ina jin jiri. Hajiya ba ta da lokaci. Ta ce duk Mandawari babu mai tuƙa shi kamar ke."

"Nana ce ta faɗa?" Bakinta ya ɗan motsa. "Nana da aka kawo ta lungun nan ko talge ba ta iya ba. Miƙo in gani."

Na kwance ledar. Ta ɗebi garin da yatsu, ta murza, ta kai hanci.

"Wane inji ne wannan? A bayan masara suka zuba miki, ke kuma kina tsaye kina kallo. Ɗauko rariya, tana rataye a bayan ƙofa. Kore min kyanwar nan."

Na hura wuta, na ɗauraye tukunya na ɗora. Ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da murhu. Ita ta tankaɗe garin, a hankali, tana hutawa. Ita ta dama talge ta zuba. Miyar ma ba ta bar ni na taɓa ba. Ta daka daddawa da barkono a ɗan turminta, ta barbaɗa kuka tana kaɗawa da maburgi, gishiri kuwa ɗan kaɗan ta sa da bakin yatsu. Ƙamshi ya cika gidan. Na ga maƙogwaronta yana motsi, sai na mai da idona kan wuta.

Da aka zo tuƙi ta karɓi muciya. Ta juya sau ɗaya, ta sake. Tuwon ya fi ƙarfinta. Ta tsaya tana numfashi, goshinta ya jiƙe.

"Zo ki koya," in ji ta. "Kada ki je gidan miji a ce a Mandawari kika zauna ba ki iya komai ba. Riƙe nan. Ba haka ba, daga ƙasa za ki ɗauko. Ke, gudaji za ki yi mini? Danne tukunyar da ƙafa!"

Tun ina yarinya nake tuƙa tuwo, amma na bi duk yadda ta ce. Da ya yi, ta karɓi mara ta kwashe da kanta, malmala masu sulɓi, ta jera a akushi. Ta ɗauki ɗaya ta sa a kwano, ta zuba miya, ta ɗiga man shanu, ta tura gabana. Sauran ta rufe da faifai.

"Wannan ki tafi da shi, ki ci da dare. Bismillah, ci."

Ta koma tabarma ta zauna, ta juya fuska wajen katanga, ta ɗauki carbinta.

Na wanke hannu. Na ɗauki kwanon na kai tabarmar, na ajiye a tsakaninmu, na ajiye ruwan wanke hannu a gefenta. Na naɗe hannuwana a cinya.

"Me kike jira?"

"Ke, Gwaggo."

"Na ci tun da safe."

"To ki buɗe mini kawai. A gidanmu yaro ba ya sa hannu a kwano sai babba ya fara."

"Nan ba gidanku ba ne."

"Ni dai haka aka koya mini."

Ta ja carbi. Na zauna. Tururi yana tashi daga kwanon, man shanu ya narke ya bi gefen tuwon. Daga bayan katanga ina jin Hajiya tana faɗa da mai kawo itace. Ban taɓa ja da babba ba. Amma na san in na ci ni kaɗai yau, gobe ma haka za a yi, kuma Garba zai sake tarar da ita a zaure. A zuciyata na ce, Yesu, na kawo har nan, ka riƙe mini hannuna kada ya motsa.

"Zai huce," in ji ta.

"Ya huce."

"Na ɓata ƙarfina a banza ke nan? Na tuƙa miki tuwo ki zauna kina kallonsa?"

"Ni ma ina jin yunwa, Gwaggo. Tun jiya da dare ban ci komai ba."

Ta juyo ta dube ni sosai. Na so in sunkuyar da kai, amma ban yi ba.

"Ana ganinki shiru-shiru," in ji ta, "ashe kan naki dutse ne. Wanda ya aure ki ya shiga uku."

"Amin," na ce, don ban san abin da zan ce ba.

Dariya ta ƙwace mata, har ta yi tari. Ta ajiye carbin. Ta daɗe tana kallon kwanon.

"Likita dai abincin mutane ya hana ni," ta faɗa a hankali, kamar da kanta take. "Wannan kuwa a murhuna aka yi, ni na sa gishirin."

"Ke kika sa."

Ta jawo ruwan ta wanke hannu. Ta ce bismillah. Ni kuma na sunkuyar da kai na rufe ido na yi godiya yadda muke yi. Da na buɗe, hannunta yana saman kwano, ba ta taɓa ba, tana jirana.

"Kin gama gaya masa?"

"Na gama."

"To."

Ta gutsuri 'yar loma, ta dangwali miya, ta kai baki. Ta daɗe kafin ta haɗiye. Na sa hannu daga nawa gefen. Ina ci a hankali don kada in riga ta, ita ma tana ci a hankali don cikinta ya daɗe bai ga abu mai nauyi ba. Da malmalar ta ƙare na miƙa hannu na ɗage faifai na ƙaro wata, ta ci gaba da ci. A tsakiyar ta biyu ta sa hannun hagu ƙarƙashin riga, ta kwance ɗankwalin nan, ta tura shi bayan matashi. Na yi kamar ina gyara itace a murhu.

Da muka gama na tattara kwanuka zan wanke. Ta jingina da bango, idonta a lumshe.

"Gobe ma za ki zo da wannan fitinar taki?"

"In kin yarda. Kullum nake jin yunwa, Gwaggo. Ban da Lahadi."

"Lahadi cikin naki hutu yake yi?"

"A gida nake ci. Amma zan bar garin a nan, ɗaukarsa kullum wahala ne. In kin ga zai lalace ki yi amfani da shi."

Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta mayar ta rufe.

"Wannan shugabar matan naku, wa take a wurinki?"

"Ƙanwar babana ce. Mama Rahila."

"Ki ce mata dawar tana da kyau, kaura ce ta gaske, amma kowace ƙwaya da kalarta, kamar daga gida goma aka tattaro. Ki ce ina gaishe ta, da sauran matan." Ta gyara zama. "Kuma gobe ki zo da wuri. Kunu za mu fara damawa, ba a sa yarinya aiki da safe ciki babu komai. Ki taho da tsamiya."

Na ce to. Na kife kwanukan a kan kwando, na rufe sauran tuwon na tura shi kusa da tabarmarta. Daga bayan katanga Hajiya ta ƙwala mini kira, wai mai ya yi zafi tun ɗazu, in ban zo ba ita za ta ƙona nata dubulan da kanta.